Takardar da Saje Tackett Bai Sa wa Hannu Ba

Gara in faɗa tun yanzu, wani ɓangare na wannan labari ya riga ya kuɓuce mini. Ba na iya tuna shekarar daidai, ko 2010 ce ko wadda ta biyo bayanta. Sunan matar da ke koyar da kemistiri ya tafi, alhali na sha kofi da ita ba sau ɗaya ba. A kwalejoji bakwai na koyar a rayuwata, zango biyu nan, zango uku can, littattafan tarihina jibge a bayan mota, har gine-ginensu suka cakuɗe a kaina. Amma Wendell Tackett bai cakuɗe mini da kowa ba. Mutum ne mai gaskiya da ƙwazo, mai isowa aji kafin masu shara su gama aikinsu. Aibinsa ɗaya ne. Ya fi son ya nutse da a gan shi yana miƙa hannu a ceto shi.

Shekarunsa talatin da ɗaya lokacin da ya shigo ajina. Tara daga ciki a soja ya yi su, ya je Iraƙi sau biyu, ya fito da muƙamin saje. Aikinsa a can shi ne kula da waɗanda aka raunata kafin a kai su asibiti, shi ya sa 'yan'uwansa sojoji ke ce masa Likita. Da ya dawo garinmu na bakin kogin Ohio ya tarar an rufe masana'antar ƙarfe, mahaifiyarsa ta rasu, matarsa kuma ta kwashe kayanta tun yana can. Gidan uwar ya koma, shi kaɗai a ɗaki huɗu.

Kwalejinmu ta shekara biyu ce, tana bakin babbar hanya tsakanin shagon tayoyi da wani coci. Gwamnati kan biya wa tsohon soja karatun wata talatin da shida, ba a ƙirga watannin hutu, daga nan ta janye hannu. Wendell ya tsara watanninsa kamar yadda ake tsara tafiyar ayari: shekara biyu a wurinmu, shekara biyu a jami'ar jiha, ya fito cikakken ma'aikacin jinya. Akwai yarjejeniya tsakanin kwalejin da jami'ar. Duk ɗalibinmu da ya kammala bai taɓa faɗuwa darasin kimiyya ba, an tanadar masa gurbi. Wanda ya faɗi ko sau ɗaya ne, sai ya shiga layi da ɗaruruwan masu nema a kan guraben da ba su kai sittin ba. Wannan gurbi shi ne duk abin da Wendell ya sa a gaba. Ban taɓa jin ya ambaci wani buri ba bayan shi.

A aji kujerar ƙarshe yake zama, a kusurwa, bango a bayansa, ƙofa a gaban idonsa. Kusan duk tsofaffin sojojin da na koyar haka suke yi, mun saba, ba ma tambaya. Sauran ɗaliban yara ne 'yan shekara goma sha takwas, kawunansu a cikin waya. Ba su ƙi shi ba, ba su dai san me za su ce masa ba. Wata yarinya ta taɓa tambayarsa ko ya kashe mutum, ya ce mata aikinsa toshe rami ne ba haƙa shi ba, daga nan ba ta ƙara juyowa ba. Da rana a cikin a-kori-kurarsa yake cin abinci, wake da burodin masara a kwanon roba, gilashi a rufe.

A darasina yana cikin na gaba-gaba. Na daɗe ina ɗauka iya koyarwata ce. Daga baya na gane dalilin ya fi haka sauƙi. Ni tsoho ne mai nauyin kunne, don haka da ƙarfi nake magana, kuma ina fuskantar ɗalibai. Malamar kemistiri kuwa muryarta ƙasa-ƙasa ce, kuma rabin bayaninta allo take yi wa, ta ba aji baya. Kunnen Wendell na hagu ya mutu tun ranar da bam ya tashi a gefen motarsu, na dama kuma ƙara yake yi masa dare da rana. Daga kusurwar da yake zaune, abin da ke isa gare shi bai wuce kalma ɗaya cikin uku ba. Bai gaya wa malamar ba. Bai matso gaba ba, don ba ya iya zama da mutum talatin a bayansa. Bai je ofishinta ba, ko da yake ƙofar a buɗe take duk Talata da Alhamis. A inda ya fito, ba ka shiga ofishin na sama da kai sai an kira ka, kuma idan an kira ka to ka yi laifi.

Akwai wani ɗan ɗaki kusa da ma'ajiyar kujeru da aka ware wa tsofaffin sojoji, da tuta a bango da tukunyar kofi da ba a taɓa wanke ta da kyau ba. Mai kula da takardunsu Loretta Kowalski ce, dattijuwa mai faɗa da tausayi, wadda mijinta ya yi yaƙin Vietnam. Nakan leƙa can saboda kofin kyauta ne, ni kuwa malamin wucin gadi ba ni da ofishi. A nan na san Ruben Ortega, wanda ya yi shekara shida yana dafa abinci a jirgin ruwan yaƙi. Shi kaɗai ke iya tsokanar Wendell ya kwana lafiya.

Ortega ne ya fara tona zancen. Wata rana Wendell ya shigo ya ajiye jaka, takardar jarrabawa ta zamo ƙasa, Ortega ya riga shi ɗauka.

"Arba'in da ɗaya cikin ɗari," in ji Ortega. "Likita, ko miyar da nake yi wa mutum dubu ta fi wannan maki."

"Miƙo nan, mai dafa wake."

"Ka gaya wa matar nan ba ka ji mana. Ni na san ba ka ji, don na zage ka ta hagu ya fi sau goma ba ka taɓa ramawa ba."

Wendell ya karɓe takardarsa ya ninke. Ya ce ya ga mutanen da suka bar ƙafafu biyu a kan titi, ba zai je ya tsaya gaban mace yana kukan kunne ba. Ortega ya ce to ai kunnen ma a kan titin ya bar shi. Wendell bai yi dariya ba, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Jarrabawa ta biyu ya ci talatin da takwas.

A irin kwalejojinmu akwai wata ƙa'ida da kowane yaro ɗan shekara goma sha takwas ya sani tun makonsa na farko. Idan ɗalibi ya ga darasi ya fi ƙarfinsa, yana iya cika takardar janyewa kafin ƙarshen mako na goma. Ba a rubuta masa faɗuwa, ba a rage masa maki, sai ya sake ɗaukar darasin a zango na gaba. Takarda ce guda ɗaya, sa hannu ɗaya. Yara suna yi kamar shan ruwa. Ortega kansa ya janye daga lissafi a shekararsa ta farko, ya sake, ya ci.

Loretta ta kira Wendell ta zaunar da shi, ko in ce ta yi ƙoƙari, don a tsaye ya saurare ta, hannaye a baya. Ta bayyana masa komai. Ta ce idan ya janye, gurbinsa na jami'a na nan, za ta nema masa wurin zama a gefen gaba inda bango zai kasance a bayansa, za ta kuma tura shi asibitin tsofaffin sojoji a sa masa na'urar ji. Ta ce idan ya zauna ya faɗi, ita ba ta da abin da za ta iya yi masa. Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun riga. Ta ce daga yadda ya ce "to" ɗin ta san ba zai kawo ta ba, don shekara arba'in tana jin irin wannan "to" a gidanta.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe na janyewa ta tare ni a baranda. Ta ce yana ganin girmana, in yi masa magana. Na ce zan yi. Amma Talata na ga ya fita da sauri, na ce bari gobe. Laraba da Alhamis ina koyarwa a wata kwaleji a hayin kogi, tafiyar sa'a ɗaya da rabi. Sai ga Juma'a ta zo, ofishin rajista kuma ƙarfe huɗu yake rufewa.

Wajen ƙarfe uku na same shi a filin ajiye motoci. Ana yayyafi mai sanyi, ganyaye sun manne a ƙasa, filin ya kusa zama fanko don yara sun watse tun tsakar rana. Yana zaune a motarsa da littafin kemistiri buɗe a kan sitiyari. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya miƙo hannu ya buɗe mini ɗaya ƙofar. Na shiga na zauna a damansa, wato ɓangaren kunnen da ke ji, ko da yake a lokacin ban lura da haka ba.

Na yi ta kewaye-kewaye kamar yadda na saba. Na yi zancen sanyi. Na yi zancen wani janar na zamanin da wanda ya ja da baya ya tsira da rundunarsa, yanzu ma na manta ko wane ne. Ya saurare ni da ladabi har na gaji da kaina na tambaye shi ina takardar. Ya taɓa aljihunsa.

"Saura sa'a ɗaya, Saje," na ce.

"Na sani, yallaɓai."

"To me ya hana?"

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke gangarowa a gilashi. Sannan ya ce abu na farko da ake sa sabon soja ya haddace, tun kafin a ba shi bindiga, shi ne ba zai bar wurin da aka ajiye shi ba sai an zo an karɓe shi. Ya ce ya taɓa tsayawa sa'a goma sha tara a wani shingen binciken motoci saboda an manta da shi, kuma bai matsa ba.

"Ni na sa sunana a darasin nan da hannuna," ya ce. "Ban taɓa guduwa daga komai ba. Idan na fara da wannan, ban san inda zan tsaya ba."

"Ai wannan ba gudu ba ne. Yara ma suna yi."

"Shi ya sa, yallaɓai."

Na ce masa kunne ba abin kunya ba ne, ga ni nan da nawa. Ya ce shi ba ya son a matsar masa da kujera, ba ya son a rage masa komai, so yake ya ci yadda kowa ke ci. Ya ce saura mako biyar, zai ninka karatu, ya taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Daga nan ya juyo ya dube ni sosai, abin da ba ya cika yi ba.

"Kai me ka ce in yi, yallaɓai?"

A nan na yi abin da malamai irina suka saba yi. Shekara arba'in ana koya mana kada mu yanke wa ɗalibi hukunci a kan rayuwarsa. Na ce masa ni shawara kawai nake bayarwa, shi babba ne, zaɓi nasa ne. Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ya gode da na ɓata lokacina. Na fita cikin yayyafi na nufi motata, ina ganin na yi abin da ya dace. Da na waiwaya, ya riga ya mayar da kansa kan littafin.

Ya cika alkawarinsa na ninka karatu. Ya daina zuwa ɗakin tsofaffin sojoji don kada Loretta ta dube shi. Ortega ya kira shi cin abincin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba a gidan surukansa, ya ce yana da aiki. Na sha hango shi a ɗakin karatu, a teburin ƙarshe, yana kwafe babi guda da hannu kamar mai biyan horo. Amma kemistiri ba shinge ba ne da za a ci shi da tsayuwa. Abin da bai ji ba a mako na biyu shi ne tushen abin da ake yi a mako na goma sha biyu, kuma ba wanda ya san inda ramin yake balle ya cike masa, tunda bai bari kowa ya leƙa ba.

A jarrabawar ƙarshe ya ci hamsin da takwas. Malamar ta gaya mini ba ta taɓa ganin ɗalibi ya ɗaga haka shi kaɗai ba. Ta ce ta juya lissafin ta kowace fuska, bai kai ba. Sai a ranar ta ji labarin kunnen, daga bakina. Ta zauna, ta ce tana da ɗan makirufo a aljihun teburinta tun bara, ba wanda ya taɓa nema.

Faɗuwar ta shiga takardunsa, gurbin jami'a ya tafi.

Na je wurin Loretta ina neman wanda zai ce mini ba laifina ba ne. Na kwashe yadda muka yi a mota na gaya mata, har tambayar da ya yi mini da amsar da na ba shi. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam, kai da iliminka," ta ce. "Ya tambaye ka me zai yi, ka ce zaɓi nasa ne?"

Na ce ai haka ake yi.

"Haka ake yi wa yara. Wannan umarni yake jira. Da ka ce masa, Saje, na karɓe ka, tashi ka kai takardar nan yanzu, da ya tashi ya kai. Ni mace ce mai cika takardu, ba zai ji daga bakina ba. Kai ya zaɓa."

Ta mayar da tabaranta, ta ƙara da cewa kada in ɗauke masa nasa kason. Ƙafafunsa biyu, ofishin rajista taku ɗari ne daga motarsa, kuma mutum uku sun gaya masa gaskiya.

A watan Janairu bai dawo ba. Yana iya dawowa, ya sake darasin, ya shiga layi da sauran masu nema, ko ya nemi wata jami'ar. Loretta ta buga masa waya har ta gaji. Ortega ya je gidan, ya ce ya tarar da shi yana gyaran rufi, suka yi hirar ƙwallo da farautar barewa, da ya kawo zancen makaranta sai Wendell ya koma kan tsani. Ni ma na je sau ɗaya, wata Asabar da hantsi, dusar ƙanƙara har gwiwa. Ba mota a ƙofar gida. An share hanyar shiga tsaf, an jera itacen wuta kamar da ma'auni. Na tsaya ina tunanin abin da zan rubuta in saƙale a ƙofa, ban samu ba, na koma.

Da bazara kwangilata ta ƙare, na loda littattafaina na tafi wata kwaleji a Indiana, daga can wata a Kentucky. Labarinsa ya riƙa iso mini gutsi-gutsi, ba kuma zan rantse da ko ɗaya ba. An ce ya sayar da gidan. An ce yana tuƙa babbar mota zuwa Texas. An ce yana wanka da canza wa tsofaffi zanin gado a wani gidan kula da gajiyayyu, mutumin da ya taɓa riƙe jijiyar wani da yatsunsa har jirgin kwasar masu rauni ya sauko. Wani ma ya ce mini ya rasu. Ortega ya gama jami'a, ya aiko mini da hoto, yana sanye da rigar yaye ɗalibai da 'ya'yansa biyu a gefe. Loretta ta yi ritaya, bayan shekara biyu na je jana'izarta. Na duba cocin kujera-kujera, ban ga Wendell ba.

Bara, da na ga abubuwa suna zubewa daga kaina da sauri, na ji ba na son in tafi da wannan a buɗe. Jihar da kwalejin take tana da rajistar ma'aikatan jinya da kowa ke iya dubawa. Na je ɗakin karatu na garin da nake zaune yanzu, na nemi sunansa. Yana nan. Wendell R. Tackett, cikakken ma'aikacin jinya, da digiri daga jami'ar jiha, an ba shi lasisi a watan Yuni na 2022. Na kwafe a takarda, na sake dubawa washegari don in tabbatar ba kaina ne ya ƙirƙira ba. Ban san wace hanya ya bi ba, ko wa ya biya, ko wa ya tsaya kusa da shi ranar da aka kira sunansa. Abin da na tabbatar shi ne ya isa inda ya nufa yana da shekara arba'in da 'yan kai, kimanin shekara takwas bayan lokacin da ya kamata ya isa.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, halin da ya tsirar da mutum a wani wuri yana iya kayar da shi a wani wurin, idan bai tsaya ya duba inda yake yanzu ba. Juriya abu ne mai kyau, amma idan ta hana mutum cewa "ban ji ba" ko "wannan ya fi ƙarfina yau", ta zama girman kai, ko da ta yi kama da jarunta. Ja da baya taku ɗaya don a sake shiri ba gudu ba ne, kuma karɓar taimako ba ya rage wa kowa daraja. Wanda kuma aka tambaya me za a yi, kada ya ɓuya a bayan ladabi. Ya faɗi gaskiya a fili, da harshen da mai tambayar ke ganewa, tun ƙofa tana buɗe.